Baƙi a Birnin Taurari: Tarihin Binciken Lulluɓin da Yake Kewaye da Mu

Duk wanda ya taɓa kwana a waje a wani ƙauye na bakin kogin Binuwai, a daren damina bayan an ɗauke ruwa, ya san farin zanen nan da yake ratsa sararin sama daga wannan gefe zuwa wancan, kamar hayaƙin da ya ƙi watsewa. Kakanninmu sun san shi, kamar yadda suka san Zara matar wata, da Gamzaki, da Kaza da 'Ya'yanta. Helenawa na dā sun ce ya yi kama da madarar da ta zube, daga kalmarsu ta madara kuwa aka sami sunan galaksi da masana suke amfani da shi yau. A wannan rubutu za mu kira shi birnin taurari, gama taro ne na taurari fiye da biliyan 100, rana tamu kuwa ɗaya ce daga cikinsu.

Siffar wannan birni kamar faifai ce, mai tudu a tsakiya. Mu muna cikin faifan, shi ya sa muke ganinsa kamar zane idan muka dubi gefensa. Amma faifan ba shi kaɗai yake ba. Akwai waɗansu taurari da suke warwatse sama da shi da ƙarƙashinsa, sun kewaye shi ta kowace fuska kamar yadda hazo yakan rufe gari a watan Janairu. Masana sun ba wannan wuri sunan zoben hasken nan da yakan kewaye wata. Mu za mu ce masa lulluɓi. Taurarinsa kaɗan ne, wajen kashi ɗaya cikin ɗari na dukan taurarin birnin, amma a cikinsu ne tarihin birnin yake rubuce. Yadda 'yan adam suka koyi karanta wannan tarihi ya ɗauki shekara fiye da 1,800, kuma ƙasar Afirka tana da hannu a ciki tun daga farko.

Tauraron da Ba Tauraro Ba Ne

Wajen shekara ta 150 bayan haihuwar Almasihu, wani masani mai suna Ptolemy yana zaune a Iskandariya ta Masar. Ya rubuta jerin taurari fiye da 1,000, ya nuna inda kowanne yake. A cikinsu akwai wani ɗan haske a kudu wanda ya ƙidaya a matsayin tauraro guda. An juya littafinsa zuwa Larabci a Bagadaza a ƙarni na 9, aka san shi da sunan Almajisti. Ta hanyar littattafan Larabci ne ilimin taurari ya ƙetare hamada ya iso ƙasashenmu, har malamai suka riƙa lissafin damina da rani da masaukan wata 28. Ƙasar Hausa ma ta haifi nata gwanaye, kamar Muhammadu ɗan Muhammadu Alkatsinawi, masanin lissafi da taurari, wanda ya rasu a Alkahira a 1741. Amma dukan waɗannan da ido kawai suke duba, ido kuwa yana da iyaka.

A 1603 wani Bajamushe, Johann Bayer, ya sa wa ɗan hasken nan na kudu suna Omega Centauri, shi ma yana zaton tauraro ne. A 1610 Galileo na ƙasar Italiya ya ɗaga madubin hangen nesa ya dubi farin zanen sama, sai ya ga ashe taurari ne birjik waɗanda ido ba ya iya rarrabewa. Amma Omega Centauri ba ya fitowa a sararin London ko Paris, domin ya yi kudu da yawa. Wanda yake so ya gan shi sosai dole ya taso ya zo wajenmu. Haka Edmond Halley, saurayi ɗan Ingila, ya shiga jirgin ruwa zuwa tsibirin Santa Helena a yammacin Afirka ta kudu. A can, cikin 1677, ya lura cewa wannan abu ba ɗigon haske ba ne kamar sauran, dishi-dishi yake kamar gutsuren gajimare. A 1826 James Dunlop ya dube shi daga Ostiraliya ya ce dunƙulen taurari ne. John Herschel, wanda ya zauna kusa da Cape Town daga 1834 zuwa 1838, ya tabbatar da haka da babban madubinsa.

Yau an san cewa a cikin wannan ɗan haske akwai taurari wajen miliyan 10, a cure wuri ɗaya kamar curin fura. An kuma sami irin waɗannan dunƙule fiye da 150 kewaye da birninmu. Su ne mazaunan lulluɓi na farko da ɗan adam ya gani, ko da yake a lokacin ba wanda ya san abin da suke nufi.

Ashe Ba Mu Ne a Tsakiya Ba

Kafin mu ci gaba, ya kamata mai karatu ya san mudun da ake awon sama da shi. Haske yana tafiyar kilomita 300,000 cikin daƙiƙa ɗaya. Daga rana zuwa duniya minti 8 da ɗan kai yake yi. Nisan da yake ci cikin shekara guda shi ake kira shekarar haske. Faɗin faifanmu ya kai shekarar haske wajen 100,000.

A 1785 William Herschel, mahaifin John, ya ƙidaya taurari ta fuskoki dabam dabam, ya zana taswirar birnin, ya sa rana kusa da tsakiya. Haka mutane suka yarda har shekara fiye da 130. Abin da ya rushe wannan zato ya fito ne daga hannun wata mace, Henrietta Leavitt, ma'aikaciya a ɗakin binciken taurari na Harvard a Amurka. A 1912 ta nuna cewa akwai waɗansu taurari masu ƙara haske da ragewa a kan lokaci, kuma tsawon lokacin da kowanne yake ɗauka yana faɗar ainihin ƙarfin haskensa. Amfanin wannan a fili yake. Idan ka hangi wuta da dare a hanyar Pitowa, ba ka san nisanta ba sai ka san ko aci-balbal ce ko fitilar babbar mota. Da zarar ka san irin fitilar, dushewarta za ta gaya maka nisa.

Harlow Shapley ya ɗauki wannan dabara ya auna nisan dunƙule 69 daga dutsen Wilson a Kalifoniya. A 1918 ya bayyana abin da ya samu: dunƙulen ba su kewaye rana ba. Sun taru ne kewaye da wani wuri mai nisa ƙwarai, ta wajen taurarin nan da suke bin wutsiyar Kunama, waɗanda Turawa suke kira Sagittarius. Ya ce can ne tsakiyar birni, mu kuwa a bayan gari muke. Ya yi gaskiya, amma lissafinsa ya zarce, domin bai san akwai ƙura tsakanin taurari ba. Kowa a Garwa ya san yadda hazo yakan sa fitilar da take kusa ta zama kamar tana nesa. Sai a 1930 Robert Trumpler ya nuna wannan ƙura, aka gyara lissafi. Yau an san muna nesa da tsakiya da shekarar haske wajen 26,000. Haka taurarin lulluɓi suka koya mana darasi na fari, suka nuna mana mazauninmu.

Tsofaffi Masu Tafiya Dabam

A 1927 Jan Oort na ƙasar Holand, yana bin sawun Bertil Lindblad na Suwidin, ya tabbatar da cewa faifan juyawa yake. Rana da maƙwabtanta suna zaga tsakiya tare, fuska ɗaya, kamar shanu a burtali, zagaye guda kuwa yakan ci shekara fiye da miliyan 200. Amma akwai waɗansu taurari da ba sa bin garke. Suna ratsa faifan daga sama zuwa ƙasa, waɗansu ma baya baya suke tafiya. Ɗaya daga cikinsu maƙwabcinmu ne na kusa, shekarar haske 13 kawai. An gano gudunsa a 1897 daga hotunan sama da David Gill ya ɗauka a Cape Town, waɗanda Jacobus Kapteyn ya auna a Groningen, har yau kuwa ana kiransa tauraron Kapteyn. Ɗan lulluɓi ne da yake wucewa ta unguwarmu.

Mataki na gaba ya zo ne a tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Walter Baade Bajamushe ne da yake aiki a dutsen Wilson. Saboda ƙasarsa tana yaƙi da Amurka, ba a ba shi aikin soja ba, aka bar shi da babban madubi sa'ad da abokan aikinsa suka tafi. An kuma rage fitilun birnin Los Angeles don tsoron farmaki, sama ta yi duhu sosai. A 1944 ya bayyana cewa taurari iri biyu ne. Na hannuwan faifai, inda ƙura da iska suke, akwai matasa masu haske shuɗi a cikinsu. Na dunƙule da na lulluɓi kuwa jajaye ne a mafi haskensu, daga baya aka gane tsofaffi ne tukuf.

Yaya ake sanin tsufan tauraro? Idan aka raba haskensa launi launi kamar bakan gizo, ana ganin alamun abubuwan da suke cikinsa. Cecilia Payne ta nuna a 1925 cewa yawancin jikin tauraro iska biyu ne marasa nauyi, haidurojin da hiliyam. Abubuwa masu nauyi kamar ƙarfe a cikin taurari ake ƙera su, sa'an nan su watsu idan tauraro ya mutu, taurari na baya su gāje su. Saboda haka tauraron da yake da ƙarfe da yawa ɗan baya ne, wanda yake da kaɗan kuwa na farko farko ne. A 1951 Joseph Chamberlain da Lawrence Aller suka sami taurari biyu masu ƙarancin ƙarfe ƙwarai, Nancy Roman kuma ta nuna cikin shekarun 1950 cewa irin waɗannan su ne masu tafiya dabam da garke. Rana tana da shekara biliyan 4.6. Da yawa daga cikin taurarin lulluɓi sun wuce biliyan 12, alhali dukan sararin sama an ƙiyasta shekarunsa biliyan 13.8.

Gardama Tsakanin Masana

Da aka san tsofaffi ne, sai tambaya ta tashi: daga ina suka fito? A 1962 masana uku, Olin Eggen da Donald Lynden-Bell da Allan Sandage, suka bincika tafiyar taurari 221. Suka ce birninmu ya fara ne daga babban gajimaren iska guda ɗaya, wanda ya ruso ciki da sauri, cikin 'yan ɗaruruwan miliyoyin shekaru, yana juyawa har ya baje ya zama faifai. Taurarin da aka haifa tun gajimaren bai gama rusowa ba su ne suka rage a waje. A wannan ra'ayi, 'yan lulluɓi 'yan fari ne na gida.

A 1978 Leonard Searle da Robert Zinn suka ƙi yarda. Sun bincika dunƙulen da suke can nesa, suka ga ƙarfen da yake cikinsu ba ya raguwa bi da bi yadda ra'ayin farko ya bukata. Suka ce lulluɓin bai fito daga tukunya ɗaya ba, an tara shi ne sannu a hankali daga ƙananan garuruwan taurari masu zaman kansu, waɗanda babban birni ya jawo ya haɗiye. A wannan ra'ayi, 'yan lulluɓi baƙi ne.

Mu mutanen arewacin Kamaru ba za mu sha wuyar gane wannan ba. Garwa ba gida ɗaya ne ya haife ta ba. Bata da Fali suna wannan ƙasa tun da daɗewa, Fulani suka kafa mulki a ƙarni na 19, Hausawa da Barebari suka zo da fatauci, daga baya Mundang da Tupuri da mutanen kudu da na Cadi suka zo neman aiki. Bayan shekaru masu yawa kowa ya zama ɗan gari, amma mai lura yakan gane asalin mutum daga karin harshensa, ko zanen fuskar kakarsa, ko irin miyar gidansu. Haka masana suka ce, idan Searle da Zinn suna da gaskiya, lalle baƙin taurari suna riƙe da alamun asalinsu a abu biyu: yadda suke tafiya, da abin da yake cikin jikinsu.

Gani Ya Kori Ji

Shaida ta fari ta zo a 1994. Rodrigo Ibata da Gerry Gilmore da Mike Irwin, masana daga Cambridge ta Ingila, suna auna gudun taurari ta wajen tsakiyar birni da wani madubi a Ostiraliya, sai suka ga waɗansu taurari masu yawa suna tafiya tare da gudun da bai dace da na wurin ba. Ashe wani ƙaramin gari ne na taurari a ɗaya gefen birnin, ƙura ta ɓoye shi, birninmu kuwa yana cikin yayyaga shi. Aka sa masa sunan Sagittarius. Daga baya aka ga ya bar dogon sawu na taurari da ya zagaye birnin duka, kamar buhun gero mai huji a bayan jaki, wanda duk inda ya bi sai ya bar layin hatsi a hanya. A 1999 wata masaniya mai suna Amina Helmi, haifaffiyar Ajantina, tare da abokan aikinta, ta sami ragowar wani gari dabam a cikin taurarin da suke kusa da rana. A 2006 wani babban binciken sama da aka yi daga New Mexico ta Amurka ya nuna sawu iri iri suna gicciye juna a lulluɓi.

Amma babban aiki shi ne na kumbon Gaia, wanda hukumar sararin sama ta ƙasashen Turai ta harba ranar 19 ga Disamba, 2013, daga Kourou a Amurka ta Kudu. An ajiye shi kilomita miliyan 1.5 daga duniya, yana ta auna wuri da nisa da tafiyar taurari. Ranar 25 ga Afrilu, 2018, aka fitar da awon taurari fiye da biliyan ɗaya. Cikin wannan shekara ƙungiyoyi biyu, ta Vasily Belokurov a Cambridge da ta Amina Helmi a Groningen, suka ga abu ɗaya. Babban kashi na taurarin lulluɓi na ciki suna da tafiya iri ɗaya, suna kutsawa kusa da tsakiya su koma nesa, kuma abin da yake jikinsu ya bambanta da na 'yan faifai. Dukansu daga gari ɗaya suka fito, wanda ya yi karo da birninmu shekara wajen biliyan 10 da suka wuce, tun ba a yi rana da duniya ba. An sa masa suna Gaia-Enceladus. Karon ya kuma fantsama waɗansu taurarin gida daga tsohon faifai zuwa cikin lulluɓi. Saboda haka kowane gefe na gardamar 1962 da 1978 yana da rabonsa na gaskiya, amma rabon baƙi ya fi yawa.

Bincike bai tsaya nan ba. A 2022 Jiwon Jesse Han da abokansa a Harvard suka nuna cewa lulluɓin ba dunƙulalle ba ne kamar ƙwallo. Ya fi kama da ƙwai, kuma a karkace yake bisa faifan, alama ce cewa har yanzu bai gama natsuwa daga wancan karo ba. A 2023 aka ba da labarin taurarin lulluɓi masu nisan shekarar haske fiye da miliyan ɗaya, wato kusan rabin hanya zuwa Andromeda, babban birnin taurari da yake maƙwabtaka da namu. Gaia ya daina aiki, an kashe shi ranar 27 ga Maris, 2025, amma abin da ya tara zai ishi masana aiki na shekaru.

Omega Centauri fa, wanda muka fara da shi? A dunƙule na kullum, taurari kusan tsara ɗaya ne, ƙarfensu daidai. A cikinsa kuwa an sami tsara dabam dabam. A 2024 masana suka duba hotunan madubin Hubble na shekara 20, suka ga taurari bakwai a tsakiyarsa suna gudu fiye da kima, abin da yake nuna akwai baƙin rami a wurin, wato wani abu mai nauyin da ko haske ba ya kuɓuce masa, nauyinsa ya fi na rana sau 8,000. Don haka masana da yawa suna ganin shi ma cibiya ce ta wani tsohon gari da aka haɗiye, an kwashe bayan garinsa, fada kaɗai ta rage.

Fita Ka Duba

Wannan baƙo yana wucewa ta kanmu kowace shekara, ba a bukatar madubi a gan shi. A tsakiyar watan Mayu, bayan ruwan fari ya wanke ƙura, ka zaɓi daren da babu farin wata. Tun da aka gama madatsar Lagdo a 1982 fitilu sun yi yawa a cikin Garwa, saboda haka gara ka fita bayan gari. Wajen ƙarfe 10 na dare ka fuskanci kudu. Ƙasa ƙasa, ta hannun dama, za ka ga taurari huɗu masu siffar gicciye, ta hagu kuma taurari biyu masu haske ƙwarai. Ka ɗaga ido sama da su, kusan tsakaninsu. Idan ka miƙa hannu ka jera dunƙulensa sau uku daga inda sama ta haɗu da ƙasa, za ka iske wani tauraro mai dishi-dishi, kamar an shafa shi da yatsa. Shi ne. Hasken da yake shiga idonka ya baro can shekara wajen 17,000 da suka wuce.

Ka tafi da yara, ka nuna musu, ka kuma tambayi tsofaffin gidanku sunayen taurarin da suka sani tun ba su tafi da su ba. Ka gaya wa yaran cewa masanan Ingila sai da suka yi tafiyar watanni a teku kafin su ga abin da suke gani daga bakin gona. Ka kuma gaya musu abin da binciken shekara 1,800 ya gano: birnin da ranarmu take ciki ya girma ne da karɓar baƙi, waɗansu daga cikin mafi tsufa a cikinsa daga wani wuri suka zo. Wanda ya san wannan, in ya ji ana gardamar wane ne ɗan ƙasa wane ne baƙo a unguwa, zai yi tunani kafin ya sa baki.